Tarin Fijo

Shekara goma sha tara Fijon Baba
tana gurfane gindin durumi, a Ƙofar Kuyambana.
Tayoyinta huɗu sun saki numfashi,
kaji suna ƙwai a kujerar direba,
zanzaro ya yi gini cikin salansa.
Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa da sikeli,
sau uku ina cewa ba a auna ta da kilo.

Sai na ɗauko Barau daga Tudun Wada,
tsoho, mai yatsa tara,
na goman wata Landiroba ta cinye tun ina goye.
Ran farko ko sifana bai taɓa ba.
Ya ɗaga bonet, ya shinshina,
ya murza baƙin mai tsakanin yatsu,
ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, fushi take.
Nemo kananzir, nemo haƙuri, nemo kafireta."

Kananzir na samu a bakin titi.
Haƙuri na ranto wurin matata.
Kafireta fa?

Ikenna na Sabon Gari ya yi dariya har ya dafa kanta:
"Fo-o-fo? Alhaji, wanda ya ƙera wannan
jikansa ma ya yi furfura."
Ya ba ni filogi huɗu da lambar wani a Panteka.
Na Panteka ya tura ni Ƙofar Ruwa,
na Ƙofar Ruwa ya rantse, ya naɗe mini ta wata mota a jarida.
Na sauka Kwangila tsakar dare,
aljihuna ya fi tankin Fijo bushewa.

Wata bakwai,
albashi na shigowa, tsatsa na lashewa.
Gaskit, Barau ya yanka shi daga kwali da almakashin tela.
Lagireto ya sha dalma.
Fitilar hagu daga wani kango a Wusasa ta fito,
har yau ita da ta dama kallon hadarin kaji suke wa juna.

Tumatir na je saye bakin Galma,
ba ƙarfe ba.
Ga Jatau mai lambu ya shanya tamfol,
ya danne kusurwa uku da duwatsu,
ta huɗun da abin da na je nema har Kano.
Na ce, "Nawa?"
Ya ce, "Dutse ne a wurina. Kawo wani dutsen."
Na ciccibo masa dutse, na ɗora goro a kai.

Kwana biyu Barau yana mata wankan jarirai,
yana hura kowace kafa da bakinsa.
Talata, bayan la'asar, ya ce in murza makulli.
Shiru.
Ya ce in sake.
Tari ɗaya. Tari biyu, irin na mai shan taba.
Sai hayaƙi, sai kaji suka watse,
sai ƙarar nan, mai ɗan ɗingishi a tsakiya,
wadda na manta na sani.

Inna, da idanunta suka tafi shekara shida,
ta miƙe daga tabarma ba sanda,
ta gyara ɗaurin kallabi,
ta ce da 'yata, "Ladidi, kai ruwa bayi.
Ga Malam nan ya dawo."

Ba wanda ya ce mata komai.
Barau ya kai hannu zai kashe,
na riƙe hannun, mai yatsa huɗun.
Na ce, "Bar ta ta sha man."
Ladidi ta ɗauki bokiti.

Yanzu takan kai Ƙofar Doka, in ta ga dama,
dawowa sai da yaran unguwa a baya.
Birki sai na taka sau uku yake jin sunansa.
Saura madubin gefe.
Duk wanda ya gan shi,
ko a hannun wanzami ne,
ya aiko mini.